Idon Roba a Broadway: Rikicin Miss Saigon na 1990 da Abin da Ya Biyo Baya

Ranar 7 ga Agusta, 1990, majalisar gudanarwar Actors' Equity, ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasan dandamali ta Amurka, ta zauna a New York ta yanke wani hukunci wanda bai kai kwana goma ba ta janye shi. A kan mutum ɗaya aka yi zaman, Jonathan Pryce, ɗan wasa daga yankin Wales na Birtaniya. Ƙungiyar ta ce ba za ta amince ya zo Broadway, cibiyar manyan gidajen wasan dandamali ta New York, ya fito a wasan Miss Saigon ba, domin shi Bature ne, mutumin da zai fito a matsayinsa kuwa mai jinin Biyetnam ne. Washegari mai wasan, furodusa Cameron Mackintosh, ya ce to shi ke nan, ya fasa kawo wasan Amurka. A lokacin an riga an sayar da tikiti na kimanin dala miliyan 25, alhali ko labule ba a ɗaga ba.

Miss Saigon irin wasan nan ne da ake yi a kan dandamali a gaban 'yan kallo, labarin kuma da waƙa ake ba da shi, kusan daga farko har ƙarshe. Faransawa biyu ne suka ƙirƙire shi, Claude-Michel Schönberg mai kiɗa da Alain Boublil mai baitoci, Ba'amurke Richard Maltby Jr. kuma ya taya su da baitocin Turanci. Ƙashin bayan labarin aro ne daga Madama Butterfly, tsohon wasan waƙa na Puccini na 1904, sai dai sun ɗauke shi daga Japan sun kai shi Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu, a watan Afrilun 1975, ana saura kwanaki birnin ya faɗa hannun 'yan gurguzu. Kim yarinya ce 'yar shekara 17 da yaƙi ya mayar marainiya, ta faɗa wata mashaya inda sojojin Amurka ke zuwa neman mata. A can ta haɗu da Chris, sajan na sojan Amurka, soyayya ta shiga tsakaninsu. Ranar da aka kwashe Amurkawa daga ofishin jakadancinsu, jirgi mai saukar ungulu ya tashi da shi, ita aka bar ta a bakin ƙofa da ciki. Bayan shekara uku suka sake haɗuwa a Bangkok, shi ya riga ya auri Ba'amurkiya. Kim ta harbe kanta don a tafi da ɗanta Amurka.

Mai mashayar shi ne wanda ake wa laƙabi da Injiniya. Kawali ne, mayaudari, mai bakin ganga, ba shi da wani buri a duniya da ya wuce bizar Amurka. A wasan gaba ɗaya babu gurbin namiji mai maiƙo kamar nasa: shi ke buɗe wasan, shi ke ba da dariya, shi ke da babbar waƙar da ke tayar da 'yan kallo daf da ƙarshe. Masu wasan sun bayyana shi a matsayin ruwa biyu, rabi Bafaranshe rabi ɗan Biyetnam. Wannan rabin na Faransa ya yi aiki ƙwarai a gardamar da ta biyo baya.

An buɗe wasan a gidan wasa na Drury Lane da ke Landan ranar 20 ga Satumba, 1989, Nicholas Hytner ne darakta. Don samun wadda za ta fito a Kim an zaga ƙasashe ana gwada 'yan mata, har aka dace da Lea Salonga a Manila, tana da shekara 17. Injiniya kuwa Pryce aka ba. Aka manna masa roba a fatar ido don idon ya tsuke, aka shafa masa man da zai rina fatarsa. Haka aka yi wa Keith Burns, wani Baturen da ya fito a Thuy, ɗan'uwan Kim da aka yi mata baiko da shi tun suna yara. A Landan abin bai tayar da wata ƙura ba. Pryce da Salonga duk suka ci lambar Olivier, wadda ita ce mafi girma a dandamalin Birtaniya.

Da maganar ƙetarowa Amurka ta taso ne aka ji muryar David Henry Hwang, marubucin wasan kwaikwayo, Ba'amurke ɗan asalin Sin, wanda ya ci lambar Tony, mafi girma a dandamalin Amurka, a 1988, da B.D. Wong, ɗan wasan da shi ma ya ci Tony a wasan na Hwang. Su suka rubuta wa Equity koke. Dalilin da ya sa ƙungiyar ke da ta cewa shi ne yarjejeniyar da ke tsakaninta da masu shirya wasanni: ɗan wasa baƙo ba ya hawa dandamalin Broadway sai da yardarta, ko dai don tauraro ne da duniya ta sani, ko don zai yi abin da ba a samu ɗan ƙasa da zai iya ba. Da Equity ta ƙi, sakatarenta Alan Eisenberg ya bayyana cewa a ɗauko Bature a yi masa kwalliya ya koma ɗan Asiya cin fuska ne ga al'ummar Asiya, musamman ganin yadda irin wannan babbar dama ba kasafai take zo wa 'yan wasansu ba.

A nan ne gardamar ta yi armashi, domin ɓangaren Mackintosh ba hujjar banza suka kawo ba. Suka ce ai sana'ar ɗan wasa ita ce ya zama wanda ba shi ba. A wannan bazarar ta 1990, a tsakiyar New York, Morgan Freeman ya fito a Petruchio, Denzel Washington kuma ya fito a Sarki Richard na Uku, duk a wasannin Shakespeare da aka saba ba Turawa. A Los Angeles kuwa shi kansa Mackintosh ya ba Robert Guillaume, baƙar fata, babban gurbin wasansa na Phantom of the Opera. Ita ma Equity tun 1986 take cikin masu fafutukar a riƙa ba ɗan wasa aiki ba tare da duba launinsa ba. To in baƙar fata zai iya zama sarkin Ingila, me zai hana Bature zama kawalin Saigon, ballantana kawalin da aka ce rabinsa Bature ne? Frank Rich, mai sharhin wasanni na jaridar New York Times, wanda alƙalaminsa a wancan zamani ke iya rufe wasa ko ya raya shi, ya tsaya bayan Pryce. Takwarar Equity ta Birtaniya ma haka. Fitattun 'yan wasa irin su Charlton Heston suka fito suka caccaki ƙungiyar tasu. Kusan duk manyan jaridun Amurka gefe ɗaya suka bi.

Hujjar tana da daɗin ji, amma a ganina akwai rami a ƙarƙashinta. Denzel Washington bai shafa farar hoda ba, bai matse hancinsa ba. Da fuskarsa ya hau dandamali, 'yan kallo kuma suka yarda su kau da kai daga launinsa, domin labarin Richard na Uku labarin son mulki ne da kisa, launin fata ba ya cikin lissafinsa. Miss Saigon kuwa gaba ɗayansa a kan wane ne Ba'amurke wane ne ba Ba'amurke ba aka gina shi, wa zai shiga jirgi wa za a bari a ƙofa. Kuma masu wasan da kansu ne suka nuna cewa launin yana da muhimmanci, ranar da suka manna wa Pryce roba a ido. Da da gaske ba a duba launi, da ba a sayi robar ba.

Sa'annan akwai lissafin guraben aiki. Ɗan wasa Bature yana da ɗaruruwan wasanni da aka rubuta don irinsa. Ɗan Asiya a Amurka kan shekara da shekaru bai ga babban gurbi ɗaya da aka rubuta da fuskarsa a zuciya ba, in kuma an rubuta sai a miƙa wa wani. Tarihin abin yana da tsawo, har suna Amurkawa suka ba shi, yellowface, wato rawayar fuska. Warner Oland, ɗan Suwidin, ya shafe shekaru yana fitowa a ɗan sandan ciki ɗan Sin, Charlie Chan. A 1938 Luise Rainer, haifaffiyar Jamus, ta ci Oscar a matsayin matar manomi 'yar Sin, a gurbin da Anna May Wong ta so aka hana ta. Saboda haka da aka ce wa 'yan Asiya su yi haƙuri, ƙofa a buɗe take ga kowa, abin da suka sani shi ne ƙofar gefe ɗaya take buɗewa. Bahaushen da ya taɓa kallon fim ɗin kudu ya ga an ɗauko wanda ko gaisuwa bai iya da Hausa ba, an kifa masa hula, an ba shi buta da rediyo an zaunar a bakin get yana kwaɓa Turanci, ya san ɗanɗanon abin. Mu ma dai hannunmu ba fes yake ba, in aka tuna yadda masu barkwancinmu ke kwaikwayon Bagwari da Bayarabe da Bafillace.

Matsalar Equity ita ce tana da gaskiya a zuciya amma ba ta da ita a takarda. Pryce tauraro ne bisa ƙa'idar ita kanta ƙungiyar, ya taɓa cin Tony tun 1977, kuma yarjejeniyar ba ta ba ta ikon hana tauraro saboda launinsa ba. Da Mackintosh ya kai maganar gaban mai sasantawa, da alama da ya yi nasara cikin ruwan sanyi. Bai bi ta nan ba. Ya soke wasan, ya sayi shafi a jarida ya shelanta. Wannan ya jefa ƙungiyar cikin halin gaba kura baya sayaki, domin wasan zai ɗauki 'yan wasa kimanin 50, fiye da rabinsu ba farar fata ba, ban da makaɗa da masu aikin bayan labule. Ƙungiyar da aka kafa don samar wa mambobinta aiki sai ga ta ta zama sanadin rasa aikin, har da na 'yan Asiyan da take karewa. Ɗaruruwan mambobi suka sa hannu a takardar neman a sake zama. Magajin garin New York, David Dinkins, ya shigo yana neman a sasanta, don birnin ma yana da rabonsa a kuɗin. Ranar 16 ga Agusta Equity ta lashe amanta, ta ce manufarta mai kyau ce amma hanyar da ta bi ba daidai ba ce. Mackintosh bai yi gaggawar karɓa ba. Sai da ya ja musu rai har watan Satumba, ya samu tabbacin cewa ba za a sake tsoma masa baki a zaɓen 'yan wasa ba, kana ya dawo da wasan.

Ba a gama ba sai ga rikici na biyu, wanda ya kusa ba da dariya. Equity ta ce ita ma Lea Salonga ba za ta zo ba, domin ba Ba'amurkiya ba ce kuma ba ta kai tauraruwa ba, a ba 'yar Asiya mai takardar zama 'yar ƙasa. Ta fuskar ƙungiyar ƙwadago wannan ba saɓani ba ne, mambobinta take karewa a duka biyun. Amma a idon mai kallo daga nesa, an hana Bature don ba ɗan Asiya ba ne, yanzu kuma an hana 'yar Asiya don ba Ba'amurkiya ba ce. Wannan karon gaban mai sasantawa aka je, a watan Janairun 1991 ya ba Mackintosh gaskiya.

An buɗe wasan a gidan da ake kira Broadway Theatre ranar 11 ga Afrilu, 1991, masu zanga-zanga na waje da kwalaye, kujera mafi tsada kuma dala 100, farashin da ya ba mutane mamaki a lokacin. Pryce ya hau dandamali ba robar ido. Thuy aka ba ɗan asalin Asiya. John, abokin Chris, wanda a Landan ba baƙar fata ba ne ya fito a gurbinsa, a New York Hinton Battle aka ba, baƙar fata, babu wanda ya ce uffan. Pryce da Salonga da Battle duk suka ci Tony a shekarar, Salonga ta zama mace 'yar Asiya ta farko da ta ci ta babbar jaruma a wasan waƙa. Wasan ya yi kusan shekara goma a New York, an yi shi sau 4,092 kafin a rufe a Janairun 2001.

In a nan aka tsaya, Mackintosh ya ci, Hwang da Wong sun sha ƙasa. Sai dai abin da ya faru bayan Pryce ya bar wasan ya fi hukuncin 16 ga Agusta tasiri. Wanda ya gaje shi Francis Ruivivar ne, mai jinin Filifin, daga nan kuma har aka rufe wasan a Broadway ba a sake ba Bature gurbin Injiniya ba. A lokacin rikicin ɓangaren furodusa ya dage cewa an duba ba a samu ɗan Asiya mai ƙwarewa da sunan da zai ɗauki gurbin ba, masu suka kuma suka ce neman da aka zaga duniya ana yi na Kim ne, ba na Injiniya ba. Ko ma mene ne, da buƙata ta taso an same su, ɗaya bayan ɗaya, a New York da Landan da ayarin da ke yawo gari-gari. Babu dokar da ta tilasta haka. Kawai dai bayan 1990 duk furodusan da ya yi tunanin robar ido ya san abin da ke jiransa.

Labarin Jon Jon Briones ya fi kowanne tsaya mini a rai. Ɗan Filifin ne, yana cikin 'yan amshin da aka ɗebo daga Manila a 1989, yana tsaye a bayan dandamalin Drury Lane lokacin da Pryce ke gaba da idonsa na roba. Da aka farfaɗo da wasan a Landan a 2014, a gidan wasa na Prince Edward, shi aka ba Injiniya, Eva Noblezada kuma ta fito a Kim. A 2017 su biyun suka kai wasan New York, a wannan gidan dai da aka yi wa zanga-zanga shekara 26 baya.

Amma tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Da aka daidaita maganar fuska sai ta labarin ta fito fili, kuma ita ba a gyara ta da canjin ɗan wasa. Matan Biyetnam na wasan, in an ɗauke yara, kusan duk a mashaya muke ganinsu sanye da 'yan kamfai suna jiran soja ya zaɓa. Mazan kuwa ɗaya kawali ne, ɗaya mugun jami'in gurguzu. Mutuniyar kirki ɗaya tilo, kirkinta shi ne ta mutu don ɗanta ya zama Ba'amurke. Akwai wani abu kuma da ya nuna yadda aka ɗauki mutanen da ake ba da labarinsu: waƙar ɗaurin auren Kim da Chris, wadda 'yan kallo suka shafe shekaru suna ɗauka harshen Biyetnam ne, tarin sautuka ce marasa ma'ana. Sai da aka farfaɗo da wasan daga baya aka sa mata kalmomin harshen na gaske. Waɗanda suka fi cin moriyar guraben ma ba 'yan Biyetnam ba ne, 'yan Filifin ne, saboda suna jin Turanci kuma ƙasarsu na da tsohuwar al'adar waƙar dandamali. Idan hujjar 1990 ita ce mutum ya fito a matsayin irinsa, to Manila da Saigon ba gari ɗaya ba ne, kuma ba kowa ke son a tayar da wannan tambayar ba, har a cikin waɗanda suka yi zanga-zangar.

Shi ya sa masu adawa na baya suka daina neman a gyara wasan, suka koma neman a daina shi. A 2013 'yan asalin Asiya a jihar Minnesota suka yi gangamin kira ga jama'a kada su sayi tikiti lokacin da aka kawo shi gidan wasa na Ordway a St. Paul. A 2019 marubuci Viet Thanh Nguyen, wanda aka fito da shi daga Biyetnam yana yaro a 1975, ya rubuta a New York Times cewa lokaci ya yi da za a sauke wa wasan labule. A 2023 gidan wasa na Crucible da ke Sheffield a Ingila ya gwada wata hanya: sabon tsari, an taɓa wasu baitoci, Injiniya kuma aka mayar da shi mace, Joanna Ampil, wadda ta daɗe tana fitowa a Kim. Duk da haka wani kamfanin wasa na 'yan asalin gabashin Asiya a Birtaniya, New Earth, ya janye nasa wasan daga gidan don nuna rashin amincewa. A ɗaya gefen kuma akwai 'yan wasan Asiya da yawa da za su gaya maka cewa da wannan wasan suka biya haya, da shi suka samu shiga sana'ar, kuma ba su ga wani wasan da ya ɗauki irinsu da yawa haka ba. Ni dai ban ga yadda za a ce ɗayansu ƙarya yake yi ba.

Shi kuwa Hwang, wanda wasiƙarsa ta kunna wutar, rikicin bai sake shi ba. A 1993 ya rubuta wasan barkwanci a kan batun, Face Value, wanda ya faɗi warwas, aka rufe shi a Broadway tun kafin ranar buɗewa. A 2007 ya dawo da wani, Yellow Face, wanda sai a 2024 ya isa Broadway, Daniel Dae Kim ne ya fito a babban gurbin. A cikinsa Hwang ya sa kansa a matsayin jarumi, marubucin da ya yi suna wajen yaƙi da ba Turawa guraben 'yan Asiya, sai ga shi cikin kuskure ya ɗauki Bature tsantsa ya ba shi babban gurbin ɗan Asiya a nasa wasan, yana zaton ruwa biyu ne. Da ya gano, maimakon ya amsa laifi sai ya shiga rufa-rufa, yana gaya wa mutane cewa ai kakannin mutumin Yahudawan Saiberiya ne, Saiberiya kuwa a nahiyar Asiya take.